Ƙarin jini ga wanda ya yi mummunan rauni: wane jini, nawa, kuma yaushe?

Me ya sa mutumin da aka ɗauko daga wurin hatsarin mota yana magana da bakinsa yake rasuwa bayan awa biyu, alhali an ɗaura masa ruwa leda bayan leda, har an ƙara masa jini? Me ya sa kuma wani lokaci likita yake ƙin sakin ruwan da ƙarfi, ƴan uwa suna tsaye suna zargin sakaci, sannan ya ce a nemo jini leda huɗu ko biyar lokaci guda? Waɗannan tambayoyi sukan taso a Maraɗi duk sa'ad da aka yi babban hatsari a kan hanyar Tasawa ko ta Gidan Runji ko ta Ɗan Isa, ko aka kawo waɗanda ƴan bindiga suka harba daga ƙauyukan bakin iyaka. Ajali gaskiya ne, babu mai musun wannan, amma ilimin kula da mai zubar jini ya sauya ƙwarai a cikin shekaru 30 da suka wuce, kuma da yawa daga abin da jama'a suke ɗauka kyakkyawar kulawa ce, likitoci sun daɗe da barinsa.

Abin da ke faruwa a jiki idan jini ya zuba

Baligi yana da jini kimanin lita 5. Idan ya rasa ƙasa da lita ɗaya, jiki yakan rufa wa kansa asiri: zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin fata da na hanji su tsuke domin ƙwaƙwalwa da zuciya su samu rabonsu. Awon ƙarfin gudun jini, wanda ake yi a damtse, ba ya faɗuwa sosai sai an rasa kusan kashi 30 cikin 100, wato kamar lita ɗaya da rabi, kuma matashi mai ƙarfi yana iya kaiwa nan yana amsa tambaya yana neman wayarsa. Idan asarar ta wuce lita 2, rai yana cikin haɗari. Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne ba dole a ga jinin a ƙasa ba. Karyewar ƙashin cinya kaɗai tana iya tara fiye da lita ɗaya a cikin naman cinyar, karyewar ƙashin ƙugu ta fi haka, fashewar saifa ko hanta kuwa tana cika ciki ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba.

Jini ba abu ɗaya ba ne. Akwai jajayen ƙwayoyi masu kai iskar oksijin ga gaɓoɓi, akwai filasma, ruwan nan mai launin rawaya da ke ɗauke da sinadaran daskarar da jini, akwai kuma ƙananan ƙwayoyi da ake kira falaket, waɗanda suke fara toshe bakin jijiyar da ta tsage. Mai rauni yana zubar da dukansu tare. Idan gaɓoɓi suka rasa iska, jini yakan yi tsami. Idan jiki ya yi sanyi, sinadaran daskarewa sukan yi kasala. Idan daskarewa ta gaza, zubar ta ƙaru, sanyi da tsami su ma su ƙaru. Waɗannan ukun suna ciyar da juna har su kai mutum inda ɗinki ba ya riƙewa. A 2003 Karim Brohi da abokan aikinsa a Landan suka nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na masu mummunan rauni suna isa asibiti da wannan matsalar daskarewa tun kafin a ɗaura musu ruwa mai yawa, kuma su ne suka fi mutuwa.

Dalilin da ya sa ruwa ba ya maye gurbin jini

Shekaru da dama koyarwar ita ce a fara da lita 2 na ruwan gishiri ta jijiya domin a ɗaga awon jini. Ruwan yana ɗaga awon, ba a musu, amma ba ya ɗaukar iska kuma ba ya daskarewa. Abin da yake yi wa ragowar jinin shi ne abin da ƙarin ruwa yake yi wa kunu: ƙwarya ta cika, kauri ya tafi. Bugu da ƙari, idan awon ya tashi kafin a ɗaure jijiyar da ta tsage, ƙarfin gudun yakan ture ɗan gudan jinin da ya fara toshe raunin.

A 1994 aka wallafa wani bincike daga birnin Hustan na Amurka a kan mutum 598 da aka soka ko aka harba a ƙirji ko a ciki. Waɗanda aka jinkirta musu ruwa har suka shiga ɗakin tiyata, kashi 70 cikin 100 suka rayu. Waɗanda aka ɗura musu ruwa tun a hanya, kashi 62. Daga irin wannan shaida aka kai ga ƙa'idar da ake bi yau: kafin a tsayar da zubar, a bar lambar sama ta awon jini ta tsaya tsakanin 80 da 90, abin da a asibitocinmu ake karantawa 8 ko 9, matuƙar mutum yana cikin hayyacinsa kuma ana jin bugun jijiya a wuyan hannunsa. Banda wanda ya bugu a kai, domin ƙwaƙwalwar da ta kumbura ba ta jure ƙarancin jini, shi dole a ɗaga masa. Saboda haka idan ɗan uwa ya ga ruwa yana ɗiga a hankali, ba lalle ne sakaci ba. Sau da yawa likitan ya san abin da yake yi.

Ita ma tiyatar ta sauya. Likita ba ya tsayawa ya gyara komai a zama ɗaya: yakan buɗe ciki, ya ɗaure abin da ke zuba, ya cusa ƙyallayen tiyata a kewayen hanta, ya rufe na wucin gadi, a mayar da majinyaci a ɗumama shi a cika masa jini, sai bayan kwana ɗaya ko biyu a koma a kammala. Iyalin da aka ce musu za a sake yi wa ɗansu aiki sukan ɗauka na farkon ne ya ɓaci, alhali tsarin ke nan tun farko.

Jayayyar da ake yi a kan yadda za a haɗa jinin

A ƙasashe masu hali, kusan duk jinin da aka bayar ana rarraba shi gida uku, kowane majinyaci a ba shi ɓangaren da yake buƙata. Tsarin yana da kyau ga mai ƙarancin jini na rashin lafiya, amma ya haifar da ɗabi'ar ɗura wa mai rauni jajayen ƙwayoyi zalla, leda shida ko takwas, kafin a tuna da filasma. Yaƙin Iraƙi ne ya tona wannan. A 2007 likitocin sojan Amurka suka duba bayanan mutum 246 da aka yi wa ƙarin jini mai yawa, wato leda 10 ko fiye a cikin awa 24, a wani asibitin fagen fama. Waɗanda suka samu kimanin ledar filasma ɗaya ga kowace leda takwas ta jajayen ƙwayoyi, kashi 65 cikin 100 suka mutu. Waɗanda suka samu kusan ɗaya ga ɗaya, kashi 19 kawai.

Alƙaluman suna da ban tsoro, sai dai masu suka sun kawo hujja mai ƙarfi. Filasma a daskare ake ajiye ta, narkar da ita yana cin kusan rabin awa, don haka wanda ya mutu a mintocin farko bai samu filasma ba ne saboda ya riga ya mutu, ba wai ya mutu saboda rashinta ba. Domin a raba gardama aka gudanar da gwajin da ake kira PROPPR a manyan asibitoci 12 na Arewacin Amurka, aka wallafa shi a 2015. An raba mutum 680 gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu sun samu filasma ɗaya, falaket ɗaya, jajayen ƙwayoyi ɗaya, wasu an ninka musu jajayen ƙwayoyin. Bayan awa 24 mutuwa ta kasance kashi 12.7 a gida na farko da kashi 17 a na biyu, bayan kwana 30 kuma kashi 22.4 da 26.1. Wannan bambanci bai kai mizanin da masana lissafi suke yarda da shi ba, amma mutuwa ta dalilin tsiyayewar jini a ranar farko ta kasance kashi 9.2 a gida na farko, 14.6 a na biyu. Kowane ɓangare ya samu abin kafa hujja, kuma yawancin asibitoci suka zaɓi wani abu tsakanin tsarin biyu.

Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su zo da amsa ɗaya ba. A 2018 wani gwaji a Amurka ya nuna cewa ba da filasma a cikin jirgi mai saukar ungulu ya rage mutuwa daga kashi 33 zuwa 23, amma wani da aka yi a birnin Denba, inda mota ke isa asibiti cikin mintoci kaɗan, bai ga amfani ba. A Birtaniya gwajin 2022 a kan ƙarin jini kafin isa asibiti shi ma bai nuna fifiko a fili ba. Darasin da ya fi fitowa, a ganina, shi ne amfanin jini da wuri yana ƙaruwa gwargwadon nisan hanya, kuma wannan magana ta fi shafar mutumin Dakwaro ko Tasawa, wanda ke da fiye da kilomita 100 tsakaninsa da Maraɗi, fiye da mutumin Denba.

Akwai abin mamaki a ƙarshen wannan jayayya. Idan aka haɗa ɓangarorin uku ɗaya ga ɗaya ga ɗaya, abin da ake nema shi ne a dawo da jini yadda Allah Ya halicce shi, kuma haɗin ma ba ya kai na asali kauri saboda ruwan adanawar da ke cikin kowace leda. Shi ya sa sojojin Amurka da asibitoci da dama na can suka koma ga cikakken jini, irin wanda Oswald Robertson ya fara adanawa a fagen yaƙi a 1917. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kashi 38 cikin 100 kawai na jinin da aka tara ake rarrabawa, a ƙasashe masu arziki kuwa kashi 96. An daɗe ana lissafa wannan a cikin alamun koma bayanmu, kuma ga wasu cututtuka koma baya ne. Ga mai zubar jini kam, ledar cikakken jini mai mililita 450, musamman sabon ɗiba, ita ce abin da masu kuɗin suke ƙoƙarin komawa gare shi.

Allura mai araha da wa'adin awa uku

Shaidar da ta fi kowace ƙarfi a wannan fanni ba ta jini ba ce, ta wata tsohuwar allura ce, asid taranekzamik, wadda a kantunan magani na ƙasashen renon Faransa aka fi sani da Exacyl. Aikinta shi ne hana jiki narkar da gudan jinin da ya riga ya haɗa. Gwajin CRASH-2 na 2010 ya ƙunshi mutum 20,211 a asibitoci 274 na ƙasashe 40, har da Najeriya, kuma mutuwa ta ragu daga kashi 16 zuwa 14.5. Da aka sake duba lokaci sai aka ga inda maganar take: wanda ya samu allurar a cikin awar farko, mutuwarsa ta zubar jini ta sauka daga kashi 7.7 zuwa 5.3, tsakanin awa ɗaya da uku amfanin ya ragu, bayan awa uku kuwa ta koma cutarwa. Ana ba da giram ɗaya ta jijiya a cikin minti 10, sannan wani giram ɗaya a cikin awa 8. Ba ta buƙatar firji, kuma tun 2011 tana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Idan aka lissafa lokacin da ake ɓatawa kafin a samu mota, da tsayawa a ƙaramin asibiti, da tafiyar zuwa birni, za a ga cewa yawancin waɗanda suka ji rauni a karkara wa'adinsu yana ƙarewa a hanya. Wurin wannan allura shi ne asibitin farko da aka tsaya, da motar ɗaukar marasa lafiya, ba ɗakin tiyatar birni ba.

Inda lamarin Maraɗi ya sha bamban

Duk waɗancan gwaje-gwaje an yi su ne a inda firjin jini yake cike. A nan tambaya ta farko ita ce ko akwai ledar ma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki ana samun gudummawar jini kusan 31 ga kowane mutum 1,000 a shekara, a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuwa 5, kuma fiye da rabin jinin waɗannan ƙasashe yana iya tafiya ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Duk wanda ya san jihar Maraɗi daga Agusta zuwa Oktoba ya san ma'anar wannan: zazzaɓin cizon sauro yana cika ɗakunan yara a Madarunfa da cikin birni, ga mata masu zubar jini bayan haihuwa, ga masu amosanin jini da ke dawowa a kai a kai. Cibiyar ƙarin jini ta jiha tana raba abin da ta tara tsakanin waɗannan duka, kuma mai hatsari guda yana iya cinye abin da zai ceci yara da yawa. Wannan hukunci ne mai nauyi da ma'aikata suke yankewa ba tare da kowa ya gani ba.

Ajiyar ma tana da sharuɗɗa. Cikakken jini da jajayen ƙwayoyi suna zama a sanyin digiri 2 zuwa 6 na kimanin kwana 35, kuma ɗaukewar wuta mai tsawo tana iya lalata su. Falaket ba sa wuce kwana 5 zuwa 7, a digiri 20 zuwa 24, a kan na'urar da ke girgiza su dare da rana. Saboda haka tsarin ɗaya ga ɗaya ga ɗaya ba abin da asibitin gunduma zai yi alkawari ba ne.

Babbar matsalar ita ce al'adar "a kawo ƴan uwa su ba da jini". Tsarin yana tafiya ga wanda aka sa wa ranar tiyata, amma ga mai hatsari ba ya aiki ko kaɗan. Maraɗi garin fatauci ne: direban da ya taso daga Damagaram zuwa Yamai, ko ɗan kasuwar da ya shigo daga Jibiya, ba shi da dangi a bakin asibiti. Ko da dangin suna nan, sai an kira su, an gwada rukuninsu, an ɗebi jinin, an tace shi daga cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, alhali mutuwar zubar jini ta fi yawa a awoyin farko. Jinin da zai ceci wanda ya faɗi a kabu-kabu yau, wani baƙo ne ya bayar da shi makon jiya. Namiji lafiyayye da ya kai kilo 50 yana iya bayarwa duk wata uku, mace duk wata huɗu. Sojoji suna da wata dabara da ta dace da mu, ta ajiye jerin mutanen da aka riga aka san rukuninsu aka kuma gwada su, waɗanda za a kira da waya idan babban hatsari ya auku. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, da ƙungiyoyin direbobi, da jama'ar masallatan Juma'a duk suna iya zama irin wannan jeri.

Sai batun rukuni. Idan babu lokacin gwaji, jajayen ƙwayoyin rukunin O ake bayarwa. Nau'in O mai alamar ragi shi ne ya fi aminci, amma kaɗan ne a Afirka ta Yamma, don haka ake tanadinsa ga ƴan mata da matan da ke cikin shekarun haihuwa, saboda kada jikinsu ya ƙirƙiri garkuwar da za ta cutar da cikin da za su ɗauka nan gaba; maza da tsofaffin mata a ba su O mai alamar tarawa. Cikakken jinin O yana da wani sharaɗi, domin filasmarsa tana ɗauke da garkuwar da ke yaƙar rukunin A da B, shi ya sa inda ba a auna ƙarfin wannan garkuwa aka fi son a gwada rukunin majinyaci, aikin mintoci kaɗan, a ba shi irin nasa. Likitocin tiyata a Afirka kuma sun daɗe da wata hikima: idan jinin ya taru a ƙirji ko a ciki bai gauraya da abin hanji ba, sukan kwashe shi, su tace, su mayar wa mai shi.

Haɗarin da ke cikin ƙarin jinin kansa

Sinadarin da ake zubawa a leda domin kada jini ya daskare yana kama kalsiyom, kuma idan kalsiyom ya yi ƙasa zuciya takan raunana, daskarewa ta ƙara lalacewa, shi ya sa ake yin allurarsa tare da ƙarin jini mai yawa. Jinin da ya fito daga firji yana sanyaya majinyaci ko a tsakiyar bazara. Kuskuren da ya fi saurin kisa kuwa shi ne ɗaura ledar wani ga wani a cikin hayaniya, saboda haka ma'aikacin da ya tsaya duba suna da lamba sau biyu ba ɓata lokaci yake yi ba. Da zarar zubar ta tsaya, ƙa'ida takan juya: ba a ƙara jini ga wanda ya natsu sai awon himogulobin ɗinsa, wato sinadarin jajayen ƙwayoyi mai ɗaukar iska, ya sauka kusan 7, ko da dangi suna ganin ya yi fari.

Abin da ke hannun waɗanda suka fara isa wurin

Babu yawan jinin da zai ceci mutum idan ba a tsayar da zubar ba, kuma wannan aiki a bakin hanya yake farawa. A danna raunin da ƙarfi da tsabtataccen ƙyalle, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, kada a zuba ƙasa ko toka ko garin magani. Idan jini yana tsartuwa daga hannu ko ƙafa kuma danniya ta gaza, a ɗaure sama da raunin da faffaɗan ƙyalle, a murɗa shi da sanda har jinin ya tsaya, a riƙe lokacin da aka ɗaure domin a faɗa wa likita. Siririyar igiya ko waya yanka take yi ba ta tsayarwa. Wanda ake zaton ƙugunsa ya karye a ɗaure masa zane tamau a daidai kan cinyoyi. Al'adar kwara wa wanda ya suma ruwa tana sanyaya jikin da ke buƙatar ɗumi, don haka a lulluɓe shi, musamman a hunturu, kuma kada a ba shi ruwa ko madara ya sha tunda mai yiwuwa ne a sa masa maganin barci. A kira ƴan kwana-kwana a lamba 18, kuma idan akwai zaɓi a nufi asibitin da ke da ɗakin tiyata da firjin jini kai tsaye, a sanar da su tun ana hanya domin su fitar da leda su tara ma'aikata kafin motar ta iso.